Toshiyar Karan Dawa

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun ban wanke ido ba, ga shi nan, ku sarara min haka. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ya gyara zama, ba zan bar shi a baya ba.

*

Safiyar Juma'a ce, amma gidan Magaji direba da ke Ƙauran Namoda tsit yake kamar an yi rasuwa. Kokon da Zulaihat ta dama wa mijinta ya huce har ya yi fata, ƙosai ya sandare a leda, shi kuwa yana bakin tabarma ya ƙura wa waya ido tun da ya dawo daga masallaci.

Ba laifinsa ba ne. Wanda ya ga abin da ya gani a 'yan makonnin nan, ko tuwon sallah aka ajiye masa ba zai ji ƙamshi ba.

Bara, da noma a daji ya koma sayar da rai, Magaji ya sayar da babbar gonarsa ya sayi motar dizal ta ɗaukar hatsi a kamfanin Alhaji Hafizu. Alhaji mai bakin zuma bai bar shi ya fita ba sai da ya liƙa masa wani abu wai shi ƙarin garanti. Ka biya yanzu, shekara biyu ko kusa ce ta kwance, kamfani ne da gyara. Magaji ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya biya, ya dawo gida baki har kunne.

Sai ranar da ya taso daga Shinkafi da lodin gero, ga mata 'yan kasuwa zaune a kan buhuna. Ya wuce Moriki kaɗan, bayan azahar, motar ta yi wani irin kuka, ta turnuƙe da hayaƙi, ta ƙi ja. Turbo ne ya mutu, ƙarfen nan mai kama da gidan dodon-koɗi da ke hura wa inji iska. Ya kira kamfani, suka ce kada kowa ya taɓa, janwe na nan tafe gobe.

Gobe. A hanyar Moriki. Da matan mutane a kan lodi.

Sai ya kira surukinsa, Malam Jatau makanike, mahaifin Zulaihat. Tsohon ya hau babur ya shiga dajin da samari ke gudu, ya kwance abin da zai kwance, ya yi dabararsa, motar ta rarrafo har Ƙaura kafin duhu ya rufe. Kowa ya kwana a ɗakinsa. Washegari kamfani ya duba notina, ya ga jan fentin da suke ɗiga musu ya fashe, ya ce hannun waje ya taɓa, garanti ya mutu. Tsohon turbon suka cire suka ce sai 'yan gwangwan. Sabo kuwa, daga ƙasar waje, miliyan biyu da rabi.

To yau in an sauko Juma'a Magaji zai sayar da gonar da ta rage masa, ta Ɗan Isa, wadda ubansa ya bar masa. A ofishin kamfanin za a haɗu da mai saye da shaidu, kuɗin su zarce hannun Alhaji ko ɗumin aljihun Magaji ba su ji ba.

Zulaihat ta zauna kusa da shi.

"Baban Nabila, ko kurɓi guda ka yi."

"Bari dai."

"Mi kaka kallo tun ɗazu?"

"Sabon turbon. Jiya sunka buɗe min kwalin, niɗ ɗauki hoto."

Ya miƙa mata wayar yana wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Dubi abin da za shi cinye gonar tsoho. Tukunyar miyarki ta hi shi girma."

Ta karɓa. Ga shi nan cikin kwali mai rubutun da ba ta iya karantawa, an naɗe shi da leda, fenti ruwan toka sai ƙyalli yake. Har ta miƙa hannu za ta mayar masa, sai idonta ya tsaya a kan wani ɗan rami da ke gefe, inda bututun baƙin mai ke shiga. An toshe ramin da wani abu.

Ta sa yatsu biyu ta jawo hoton kusa.

Ba roba ba ce. Kara ne. Guntun karan dawa, an fiƙe bakinsa a karkace irin fiƙar alƙalamin allo, an cusa don kada ƙura ta shiga.



Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan aikin. Tun tana ƙarama ita ke zama a bakin garejinsa tana fiƙe masa karan da reza, yana ce mata, "A karkace, ke yarinya, a karkace. Shi ka shiga bai karye ba."

Ku gaya min don Allah, wace ƙasar waje ce ake toshe inji da karan dawa?

Ta ɗago ta dubi mijinta.

"Ka hwaɗa ma Baba za ka sai da gonar?"

Magaji ya juyo ya dube ta kamar ta zage shi.

"Da wane ido?"

"Ai ubanka na shi ma."

"Shi ya sa. Mutumin da yah hau babur da tsuhwanai, yash shiga dajin Moriki don ni, shi zan je in tsugunna ma in ce sufanarka ta cinye min gona? Gara gonar ta tahi."

"A ƙara haƙuri mako guda mana."

"Zulai, kaka ta yi. Geron Zurmi wasu na ta kwasa, tawa motar na tsaye tayoyi na shan rana. Mota in ba ta tahiya, mai ita taka ci."

Ta tura hoton cikin wayarta, ta shiga ɗaki ta zumbula hijabi.

"Za ni in gai da Baba."

"Kar ki hwaɗa mai."

Ta yi kamar takalminta take nema.

*

Garejin Malam Jatau na bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, rumfar kwano ce da wani ɗaki a ƙurya da kullum ke garƙame da kwaɗo. Ranar Juma'a ba ya karɓar aiki, don haka rumfar babu kowa. Amma kwaɗon ɗakin ƙuryar a buɗe yake.

Sai na faɗa muku wani abu kafin mu shiga. Zulaihat ita ce 'yar fari a wurin Malam Jatau, shi kuwa mutumin da ne, mai riƙon al'ada da haƙori. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Ƙannenta yana kiransu, yana musu wasa, yana musu faɗa. Ita kuwa "ke yarinya" ce, har ta yi aure, har ta haihu. Ta san yana sonta, ba ta taɓa shakka ba. Amma wani lokacin takan so ta ji yadda sunan zai fito daga bakinsa, ko sau ɗaya.

Ta yi sallama ta tura ƙofar.

Abin da ta gani ya sa ta dafa bango. Turbo ne jere a kan tsohuwar tabarma, manya da ƙanana, an wanke su tas da kananzir, kowane rami da toshiyarsa ta kara. Mahaifinta na zaune a kan kujerar tsugunno, wuƙa a hannu, yana fiƙar wani.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon karan, yadda ya saba.

"Ke yarinya, lahiya da hantsin ga?"

"Lahiya lau, Baba. Hoto niz zo nuna maka."

"Idona ba shi ganin abin waya."

"Wanga za ka gani."

Ta miƙa da hannu biyu. Ya karɓa ya nesanta da fuskarsa, ya matso da shi, ya sake nesantawa. Ya daɗe yana kallo.

"Sabon turbo na," in ji ta. "Haka kamfanin Alhaji Hafizu yac ce. Daga ƙasar waje."

Ya ƙara matso da wayar.

"Baba, can ƙasar wajen su ma a karkace suka hiƙar kara?"

Ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Tashi ki tahi gidan mijinki."

"Ba ni tashi."

Ita kanta sai da ta tsorata da jin muryarta. Tun da take ba ta taɓa yi masa musu ba, ko a kan gishirin miya. Amma gwiwoyinta ba su bar ƙasa ba.

Malam Jatau ya miƙe da ƙyar, ya tura ƙofar ya rufe, ya dawo ya zauna. Sai ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo.

"Mantawa sunka yi. Kullum sai na ce musu su cire karan su sa robarsu."

"Ashe kai na."

"Ni na."

"Tun yaushe?"

"An jima ana yi."

Ya nuna tabarmar da tsinin wuƙa.

"Yaran can masu hwararen riguna na kamfani, ba wanda ya iya buɗe cikin turbo. Kwancewa da ɗaurawa ɗai sunka sani. Duk wanda yam mutu, a buhu aka kawo min shi ta baya. In buɗe, in canza kayan ciki, in daidaita. Su zo su ɗauka, su hesa henti, su sa a kwali. Shi ke nan ya zama sabo."

"Nawa suka ba ka?"

"Wagga ba tambayar ɗiya ba ta."

"Baba, nawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Har da kuɗin kayan ciki, dubu ɗari da hamsin."

Zulaihat ba ta yi nisa a boko ba, amma wannan lissafin ko Nabila da ke aji biyu sai ta gane shi.

"To wanga na cikin hoton, na wa na?"

Ya kawar da kai.

"Baba."

"Na mijinki na."

"Shi ɗai wanda sunka ce ya mutu, sai 'yan gwangwan?"

"Tun ban gama zare shi daga buhu ba nig gane shi. Ga shaidar sufanata nan jikin notinai, ta ranar Moriki."

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka zubo. Ba ta share ba.

"Hannunka ya taɓa shi a daji, sunka ce hannun waje na, garanti ya mutu. Hannunka ya taɓa shi cikin ɗakin ga, ya zama sabo daga ƙasar waje. Baba, hannu nawa gare ka?"

Tsohon ya dubi hannuwan nasa kamar shi ma amsar yake nema. Baƙaƙe ne, sun tsattsage, baƙin mai ya zauna a cikin tsagun har sabulu ya haƙura da su. Da waɗannan hannuwan ya ciyar da su, ya yi mata kayan ɗaki. Zulaihat ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta rasa wanne ya fi.

"Na sa mai kayan da ban taɓa sa ma kowa ba," ya ce a hankali. "Nic ce ko ba komi, yaron nan shi samu aiki mai kyau. Abin da nika iyawa ke nan."

"Kana iya hwaɗa mai gaskiya."

"Gwaggonki Larai ina taka kwana?"

Tambayar ta zo mata a ba-zata.

"Gidan bayan kamfani."

"Gidan wa?"

Ta san amsar.

Larai ƙanwar Malam Jatau ce. Ranar da aka ƙone ƙauyensu can wajen Zurmi, a ƙafa ta iso Ƙaura da jikokinta marayu, wani a goye, wasu riƙe da zaninta, ba ko tabarma. Gidan Malam Jatau ɗaki biyu ne, a cike. Alhaji Hafizu ne ya buɗe musu gidan da ke bayan kamfaninsa, ya ce su zauna don Allah, ba haya. Garin nan kaf an yi ta sa masa albarka, har Zulaihat ta sa.

"Cikin makon nan da yab ba su gidan," in ji Malam Jatau, "yaz zo nan da kansa. Da Alƙur'ani cikin gahwaka. Yac ce sirrin kasuwa na, in dahwa. Nid dahwa."

"Yac ce in ka yi magana za shi kore su?"

"Mai kuɗɗi ba shi hwaɗin irin wagga. Kallonka ɗai shikai, ka gane."

Ya ɗauki wani karan ya fara fiƙa.

"Na yi mai magana kan mijinki. Yac ce kar in damu, tun da surukina na za shi sassauta mai. Shi ɗan ji jiki kaɗan, shi wuce."

Zulaihat ta ɗago kai.

"Sassauci?"

"Haka yac ce."

"Baba, ka san nawa sunka yanka mai?"

"Ba a hwaɗa min kuɗin kwali. Aikina ya ƙare a tabarmar ga."

"Miliyan biyu da rabi."

Wuƙar ta tsaya.

"Nawa?"

"Ka ji ni. Kuma yau in an sauko Juma'a za shi sai da gonar Ɗan Isa. Can ofishin Alhaji za a yi, mai saye ya riga ya iso gari."

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi a kan wani turbo, ta yi ƙara.

"Wace gona?"

"Guda nawa ta rage? Ta ubanai. Wadda kaka cin geronta kowace kaka."

"Mi ya hana shi hwaɗa min?"

"Abin da yah hana ka hwaɗa mai."

"Ni rantsuwa niy yi."

"Shi kuma kunyarka. Yac ce gara gonar ta tahi da ka ji cewa sufanarka ta ja mai."

Kunyar surukai abu ne mai kyau, ni ma a cikinta aka rene ni, ba zan zage ta ba. Amma ga maza biyu masu ƙaunar juna, kowa ya rufe bakinsa don ya kare ɗan'uwansa, Alhaji kuwa ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar shirun nasu yana cin abincinsa hankali kwance.

Malam Jatau ya zauna yana kallon tabarma, ita tana kallonsa, har zafin rana ya fara sauka daga kwanon rufi. Can daga nesa lasifikar masallacin Juma'a ta fara gyaran murya.

"Tahi," ya ce. "Za ni in yi wanka."

Shi ke nan.

Ta ɗauki wayarta ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami. Ta san ta yi iya yinta. Ba za ta iya zuwa ta tona asirin ubanta a gaban mutane ba, ba kuma za ta iya kallon idon mijinta yau da yamma ba. Ta kama ƙofar ta ja.

"Zulaihat."

Ta tsaya cak.

Ba ta juyo nan da nan ba, don ba ta tabbata kunnenta ba ne ke mata wasa. Ashe haka sunan yake a bakinsa. A hankali, da ɗan nauyi, kamar wanda ya daɗe yana ajiye da shi.

"Na'am, Baba."

"Ki jira ni ƙohwar kamfani in an sauko."

"Rantsuwar hwa?"

"Rantsuwa tana da kaffara. Gona in ta tahi ba ta da."

"Gwaggo Larai hwa?"

Ya sunkuya ya ɗauki wuƙarsa.

*

Ana saukowa daga masallaci Zulaihat na tsaye a inuwar katangar kamfanin. Daga inda take tana hango motar mijinta a cikin fili, ƙura ta rufe gilashinta, wani ya rubuta "a wanke ni" da yatsa.

"A'a, ɗiyata ce?"

Ta juya. Gwaggo Larai ce ta leƙo daga ƙaramar ƙofar gidan baya, hannunta duk kumfar wanki, 'yan rigunan yara jere a kan igiya a bayanta. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe, ba kamar ranar da ta iso garin nan ba.

"Shigo ki sha hura mana, yanzu nid dama."

"Ina zuwa, Gwaggo. Baba nika jira."

"Yaya na tahe? To bari in zuba mai tashi a ƙwarya, ya hi son ta da tsami."

Ta koma ciki da saurinta tana murna. Zulaihat ta ji kamar ta kira ta ta ce ta bar furar, amma me za ta ce mata?

Sai ga Malam Jatau ya ɓullo, cikin farar rigarsa ta Juma'a, baƙaƙen hannuwan nan na leƙowa daga hannun riga. Bai dube ta ba. Ya tsaya ya ɗan kalli igiyar shanyar nan, sannan ya nufi ofis. Ta bi bayansa ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ofishin sanyi ƙalau, sai ƙamshin turare. Alhaji Hafizu na bayan teburi cikin shadda mai maiƙo. Ga mai sayen gona da jakarsa a kan cinya, ga dillali, ga shaidu biyu. Magaji na gefe ya haɗa tagumi. Kwalin na tsakiyar teburin, an liƙe bakinsa da salatif.

Magaji na ganin surukinsa ya zabura. Ya tuɓe takalma, ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai. Ko da yake gaisuwa, tayal yake gaisarwa. Ya saci kallon ƙofa ya ga matarsa, idonsa ya ce mata, kin hwaɗa ke nan.

Alhaji ya yi murmushi, amma murmushin bai hau idonsa ba.

"A'a, Malam Jatau da kansa. Yau ai ba ranar aiki ba ta."

"Ba aiki ya kawo ni ba, Alhaji."

"To madalla. Zauna, ka zama shaida na uku. Yaronka za shi hita daga wahala yau."

"Ba ni zama."

Dillali ya dubi mai saye, mai saye ya ƙara rungume jakarsa.

Alhaji ya jingina da kujera, ya fara jan carbi a hankali.

"Ya su Larai? Shekaranjiya nis sa anka gyara musu ruhin ɗakin da ka yoyo. Yaran nan marayu, ba a so ruwa shi taɓa su."

"Allah shi saka, Alhaji."

"Amin. Mutum dai shi riƙa tuna abin da hannunai yad dahwa."

Malam Jatau ya tsaya a tsakiyar ofis. Ta tagar da ke bayan Alhaji ana hango igiyar shanyar, iska na kaɗa wata 'yar riga ja. Zulaihat ta ga idon mahaifinta ya tsaya a kan rigar. Ta ga kafaɗarsa ta sauka. A ranta ta ce, zai juya. Kuma wallahi da ya juya ɗin ba za ta riƙe shi a zuciya ba.

Bai juya ba. Ya taka zuwa teburin.

"Magaji."

Magaji ya ƙara dunƙulewa. Tun da ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, sai "yaron nan", sai "mijinki".

"Tashi. Ɗago kanka ka dube ni."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, ni ban so ka ji..."

"Nic ce ka dube ni."

Magaji ya miƙe, ya ɗago da ƙyar. Karon farko ke nan da idanunsu suka haɗu.

"Buɗe kwalin ga. Akwai ɗan rami a gehe, inda baƙin mai ka shiga. Ka sa yatsa ka zaro min abin da ac ciki, ka nuna ma shaidu."

Carbin Alhaji ya daina motsi.

Alhaji ya miƙe tsaye, ya ɗora tafin hannunsa a kan kwalin. Murmushin ya tafi gaba ɗaya. Ashe mai kuɗi ma yakan faɗi irin wannan maganar da baki, in kallo ya kasa.

"Malam Jatau, in kwalin ga ya buɗe, akwai ƙohwar da za ta ruhe. Yau, ba gobe ba."

Magaji ya dubi Alhaji, ya dubi surukinsa, ya dubi matarsa, bai gane komai ba. Hannunsa na tsaye a iska tsakaninsa da kwalin.

Daidai nan aka yi sallama a bayan Zulaihat.

Gwaggo Larai ce, ƙwaryar fura a hannu an rufe da faifai, ƙaramin jikanta riƙe da zaninta.

"Ku yi min gahwara, Alhaji, ban san da baƙi ba. Yaya, ga hurarka, da tsaminta yadda kaka so."

Malam Jatau ya ji muryar ƙanwarsa. Zulaihat ta ga ya runtse ido, ta ga hawaye ya gangaro ya shige furfurar gemunsa.

Bai waiwaya ba.

"Buɗe, Magaji."